Nafaƙar Iyaye In Tsufa Ya Zo: Wa Zai Ɗauki Nauyi, Da Me Kuma?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, maganar da muke so mu yi da 'yan'uwanmu 'yan kasuwa da ma'aikatan Gwamnati a wannan mako ita ce ta ciyar da iyaye idan girma ya kama su, da ɗaukar nauyin jinyarsu idan ciwo ya kwantar da su. Wa'azin biyayya ga iyaye kowa ya ji shi tun yana makarantar allo, kuma babu wanda bai san cewa Allah Maɗaukakin Sarki, a cikin Suratul Isra'i, aya ta 23 da ta 24, ya haɗa kyautata musu da kaɗaita Shi da bauta ba, ya kuma keɓance lokacin tsufansu da ambato. Abin da ba a cika yi ba shi ne lissafi, watau wa Shari'a ta ɗora wa nauyin, nawa ne rabon kowa, daga ina kuɗin za su fito, yaushe kuma ya kamata a fara shiri. Za mu kafa misalanmu da ƙasar Taura ta Masarautar Ringim, a Jihar Jigawa, amma wanda ke Kano ko Katsina ko Maraɗi zai ga gidansu a ciki.

Taura tana kan hanyar da ta taso daga Kano ta nufi Haɗeja. A cikin ƙasarta ne Gujungu take, mararrabar da ke cin babbar kasuwa ran Lahadi, inda ake hadahadar hatsi da bisashe. Ƙidayar 2006 ta ba wannan Ƙaramar Hukuma mutum sama da 130,000, galibinsu manoma. To, shiga ƙauyukanta da rani ka dubi zauruka. Dattawa za ka fi tararwa. Majiya ƙarfi da yawa suna Dutse wurin aiki, ko Kano wurin kasuwa, ko Abuja da Ikko da Fatakwal wurin nema. Uba yana Kwalam ko Maje, 'ya'yansa biyar suna garuruwa huɗu, kowannensu kuma yana zaton wani ya aika da kuɗin cefane.

A zamanin kakanninmu ba a san wannan damuwa ba sosai, sabili da gandu shi ne fenshon talaka. Uba da 'ya'yansa maza, har masu aure, gona ɗaya suke nomawa, hatsi ya shiga rumbu ɗaya. Uba ke fid da awo, shi ke biyan haraji, shi ke yi wa samari aure, kowane ɗa kuma yana da gayaunarsa da yake taɓawa don biyan ƙananan bukatunsa. In uba ya gaza, sai babban ɗa ya karɓi ragama, tsoho ya koma zaure yana tufkar igiya, akushinsa na iske shi dare da rana ba tare da ya roƙi kowa ba. Yau gandu ya watse a gidaje da yawa. Gonaki sun rarrabu da gado har sun zama 'yan fegi, cin rani ya zama zama, albashi kuma aljihun mutum ɗaya yake shiga. Ba mu ce a koma gandu ba, domin ruwan da ya wuce gada ba ya komowa. Amma fa aikin da gandu yake yi wa tsoho bai tafi tare da gandu ba, yana nan yana jiran mai yi.

Bari mu fara da hukunci. A mazhabar Imamu Maliku, wadda alƙalanmu ke hukunci da ita, ciyar da iyaye biyu matalauta wajibi ne a kan ɗa mai hali. Ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaidin ya tarar da wannan a dunƙule, wanda ya kai ga Muhtasar na Shaihu Halilu kuwa ya tarar da shi a warware. Wajibi muka ce, irin wanda in uba ya kai ƙara Kotun Shari'a, ya tabbatar da rashinsa, alƙali zai yanka wa ɗan abin da zai riƙa bayarwa. Wannan nauyi yana kan ɗa namiji, yana kuma kan 'ya mace in tana da dukiyarta, ko da tana gidan miji, mijin kuwa ba shi da ikon hana ta. Yana nan ko da iyayen ba Musulmi ba ne. In uwa ta sake aure amma mijin matalauci ne, nafaƙarta ba ta faɗi daga wuyan 'ya'yanta ba. Har wa yau malaman mazhaba sun ce ɗa ya ciyar da matar ubansa guda ɗaya ko da ba ita ta haife shi ba, in uban ba shi da mata kuma yana bukata, ɗan ya yi masa aure. Ana fid da wannan duka daga abin da ya yi saura bayan abincin mutum da na iyalinsa, domin Allah ba ya ɗora wa rai abin da ba ya iyawa.

Daga nan sai abubuwa biyu su fito fili. Na farko, buhun shinkafar da ake aikawa da azumi, da turmin atamfa da yadin shadda na Salla, alheri ne, Allah ya ba da lada, amma ba su ne nafaƙa ba. Ciki ba ya jiran Salla. Nafaƙa abu ne mai gudana kamar yadda yunwa take gudana, kuma malamai sun ce nafaƙar dangi in lokacinta ya wuce ba a bayar ba, ba ta zama bashin da za a rama, sai fa in alƙali ya riga ya yanke ta. Watau daren da tsohuwa ta kwana da yunwa ya tafi ke nan, ba a sayo shi da rago. Na biyu, ba ya halatta mutum ya ɗauki zakkar dukiyarsa ya ba iyayen da ciyar da su ke kansa, domin ya zama ya kare aljihunsa ne da haƙƙin miskinai. Mun ga 'yan kasuwa masu tsoron Allah suna yin haka da kyakkyawar niyya, suna zaton sun jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Su sake tambaya.

To, in 'ya'ya suna da yawa, yaya za a raba? Shaihu Halilu ya kawo zantuka uku: a raba daidai bisa kawuna, ko a raba bisa gado namiji ya ɗauki ninkin mace, ko a raba bisa gwargwadon wadatar kowa. Na ukun nan shi ne Shaihu Dardiri ya tafi a kai cikin Aƙrabul Masaliki, kuma shi ne ya fi kusa da adalci. Ga misali, lissafin kuwa namu ne don fahimtarwa. A ce dattijo da matarsa a Taura suna bukatar naira 90,000 a wata, abinci da itace da sabulu da magani. Suna da ɗa mai sayar da hatsi a Gujungu, da ɗa akawu a sakatariyar Dutse, da 'ya malamar firamare, da auta manomi wanda nomansa da ƙyar yake kai shi bazara. In aka auna aka ga ƙarfin na farko kashi 3 ne, na biyu kashi 2, malama kashi 1, sai ɗan kasuwa ya kawo 45,000, akawu 30,000, malama 15,000. Auta ba a ɗora masa kuɗi, ga shi kuwa shi ne ke gida, shi ake bugun ƙofarsa da tsakar dare. Wannan rabo a zauna a yi shi ido da ido, ranar Salla ko ranar wani suna da ya tara kowa, a gaban kawu ko limamin unguwa, a rubuta, a sa ranar wata da za a riƙa turowa, a kuma sake dubawa duk bayan kaka saboda farashi ba ya tsayawa. Wanda ya ce ai rubutu tsakanin 'yan'uwa rashin yarda ne, ya tuna cewa ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, ga Sahabbai kuma ta sauka, waɗanda sun fi mu amana. Ɗan da ya yi shekara goma yana ɗauke da iyaye shi kaɗai ba yarjejeniya, ba hukuncin alƙali, ba lalle ne ya sami abin da zai kama 'yan'uwansa da shi ba. Ladansa na wurin Allah, amma zumunci yakan mutu a wannan wuri.

Akwai wata gaɓa da muke so mu daɗe a kanta, domin ita aka fi tsallakewa. Malamanmu ba su tsaya ga abinci da tufa ba, sun ambaci nafaƙar hadimin iyaye, watau mai yi musu hidima, suka sa ta a wuyan ɗa. Su da suka rubuta haka ɗaruruwan shekaru da suka wuce sun san cewa tsufa yana kai mutum inda tuwo a akushi ba ya amfaninsa sai da hannun da zai ba shi a baki. A gidajenmu wa ke wannan aiki? Wa ke juya tsohon da ɓarin jikinsa ya shanye don kada gyambon kwanciya ya kama shi, wa ke wanke shimfiɗa, wa ke tsare tsohuwar da gigin tsufa ya kama don kada ta fice da dare? Mace ce. Ko matar auta, ko 'yar da aurenta ya mutu ta dawo gida, ko jikanya da aka cire daga makaranta. Su mazan da ke birni sai su turo kuɗin magani su ga sun sauke nauyi, alhali kuwa mafi nauyin kayan yana kan wadda ba a ko ambatar sunanta a lissafi.

Mu faɗi gaskiya ko da za ta yi ɗaci: Shari'a ba ta wajabta wa matar ɗa jinyar surukanta ba. In ta yi, kyautatawa ce da neman lada, kuma matanmu da yawa suna yi da zuciya ɗaya, Allah ya saka musu. Amma wajibin yana kan waɗanda aka haifa. Saboda haka in an zauna rabo, a sa hidima cikin lissafi kamar yadda aka sa gero. Ko a ɗauki mai aiki a biya shi, namiji ga tsoho, mace ga tsohuwa saboda tsare al'aura, ko a yanka wa mai jinyar ta gida wani abu duk wata, a kuma riƙa karɓarta ta huta. 'Yar da ta bar sana'arta ta zauna da uwa ta riga ta biya rabonta da jikinta, kada a sake neman kuɗi wurinta. Cire yarinya daga karatu don ta yi jinyar kaka, alhali ga baffanninta da motoci, wannan zalunci ne da aka yi wa lulluɓin biyayya.

Daɗa sai maganar asibiti, wadda ita ce ke karya gida. Ciwon tsufa ba irin zazzaɓi ba ne da za a sha magani kwana uku a miƙe. Hawan jini da ciwon suga maganinsu na kullum ne har ƙarshen rai. Yanar ido tana son aiki, wahalar fitsarin da ke samun dattawa maza ita ma haka. In ƙoda ta gaza, wanki ake yi sau biyu ko uku a mako, mutanen kwarin Haɗeja kuwa sun san wannan ciwo farin sani. Daga Taura a kai mutum Ringim, daga can a tura shi Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, ko na Tarayya a Birnin Kudu, ko na Malam Aminu Kano. Kowane mataki da kuɗin mota, da kuɗin gwaji, da abincin 'yan jinya, da sana'ar da aka rufe aka taho. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, kuɗin motar kaɗai ya zama abin tunani. Malaman da can sun yi saɓani a kan ko kuɗin magani yana cikin nafaƙa, amma su sun yi magana ne a lokacin da magani sassaƙe ne da saiwa. Yau da ƙwayar hawan jini ta zama wa tsoho kamar abinci, in ya bari ya faɗi, mu muna tare da malaman da suka ce tana ciki. Kuma mafi arahar jinya ita ce awon jini da na suga a kai a kai a asibitin sha-ka-tafi, domin kuɗin ƙwayar shekara guda bai kai na kwanciyar mako biyu bayan ɓarin jiki ya shanye ba.

Wani zai ce, Malam, ai wannan tanadi rashin tawakkali ne, wanda ya tsaga baki ba ya hana shi abinci. Muna amsa masa da cewa ya tabbata cikin Buhari da Muslim, daga Sayyidina Umar, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan keɓe wa iyalinsa abincin shekara guda daga dukiyar Banu Nadir. Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya tsara ajiyar shekara 7 ta wadata don shekara 7 ta fari, har ya nuna a bar hatsin cikin zangarniyarsa don kada ya lalace. Babu mai tawakkali kamar waɗannan. Manomin Taura ma da ke ɗaure damin gero ya jefa rumbu bai taɓa ganin ya saɓa wa Allah ba. Tsufa kuwa ya fi fari tabbas, tun da Suratur Rum, aya ta 54, ta shaida mana cewa bayan ƙarfi rauni ne da furfura.

Amma a ina za a ajiye? Takardar kuɗi a ƙarƙashin katifa ƙanƙara ce a rana. Mafi ƙarancin albashi a 1981 naira 125 ne, a 2019 ya zama 30,000, a 2024 ya zama 70,000, ma'aikaci kuwa bai ji ya fi na da wadata ba. A Disamba 2024 hauhawar farashi ta haura 34 cikin 100 a shekara. Wanda ya ɓoye kuɗi a tukunya kuma ya sha wuya a farkon 2023 lokacin canjin takardun naira. Ajiya a banki don cin ruwa kuwa riba ce, babu mai halatta ta. Saura hanyoyin halal, kuma ba su yi kaɗan ba. Akwai tsohuwar hanya ta tunkiya da akuya da sa na turka, wadda har gobe tana aiki, in dai an san cewa dabba tana mutuwa, ana kuma sace ta. Akwai sayen hatsi da kaka gwargwadon cin shekarar tsofaffi, wannan kuwa ba ɓoye abinci ba ne, tun da don ci aka saya. Akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, na farkonsu Jaiz ya buɗe a 2012. Akwai takardun Sukuk na Gwamnatin Tarayya, da aka fara a 2017 da naira biliyan 100 don gyaran hanyoyi, ana shiga da 10,000, ana karɓar kuɗin haya duk wata shida. Hikima ita ce a raba ƙafa, wani abu a inda hannu zai kai gare shi cikin dare, wani a inda zai hayayyafa.

Abin da muka fi so mu ga kowane gida ya kafa shi ne asusun jinya, dabam da kuɗin cefanen wata. Kowa ya riƙa jefa wani abu a ciki ko ana lafiya, mutum biyu su riƙe shi, kada ya zama a hannun ɗaya, kada kuma a taɓa shi don biki ko suna ko rancen jari. Manzon Allah ya yaba wa Ash'arawa saboda in abincinsu ya ƙaranta sukan tara abin da ke hannun kowa wuri ɗaya su raba daidai. A kan irin wannan tushe ne Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta halatta inshorar taimakon juna, ta hana ta kasuwanci. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta wajabta shiga tsarin a kan kowa, Jihar Jigawa kuma tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya. Sai dai ma'aikaci ya lura, tsarin ma'aikata na Tarayya ya ƙunshi shi da matarsa da 'ya'ya huɗu ne 'yan ƙasa da shekara 18, iyaye ba sa ciki sai in ya yi musu rajista dabam. Ya je ya tambaya tun tsoho na tafiya da ƙafarsa. Wanda kuma ke shirin komawa Hajji karo na uku, alhali kujera ta haura naira miliyan 8 a 2025, ubansa kuwa ba shi da asusun magani, to ya san nafila ba ta gaban farilla.

In ba a yi wannan shiri ba, ga abin da ke biyowa. Ciwo ya zo ba sallama, a rasa kuɗi, sai a ruga a jinginar da gonar fadama. Mai kuɗi ya ba da rance, ya karɓi gona yana nomawa shekara da shekaru, ranar da aka samu kuma a mayar masa da kuɗinsa cif. Wannan rance ne da ya jawo amfani, malamai kuwa sun sa shi cikin riba, ko da al'ada ta saba da shi. Ga zunubi, ga kuma gidan ya rasa abin da yake ci. In dole ta kama, a ba da gonar haya ta shekara biyu ko uku da kuɗi sananne, a karɓa gaba ɗaya, a rubuta, wa'adi na cika gona ta dawo.

Duk abin da muka faɗa game da iyaye matalauta ne. In uba yana da dukiyarsa, daga cikinta ake ciyar da shi, a yi masa magani. A nan ma akwai ɓarna. Sai ka ga tsoho yana da shanu da gonaki, likita ya rubuta aiki, 'ya'ya suna ta jan ƙafa wajen sayar da sa ɗaya, wai kada a taɓa dukiyar Baba. Ba Baba suke tsarewa ba, gado suke tsarewa, gado kuwa babu shi sai bayan rai ya fita. A ɗaya gefen kuma akwai dattijon da kan rabar da duk abin da ya mallaka tun yana raye, ya koma ɗan kallo a gidansa. Shawararmu gare shi ya riƙe abin da zai ci da shi har ƙarshe. In zai yi kyauta, ya daidaita tsakanin 'ya'yansa kamar yadda hadisin Nu'umanu ɗan Bashiru ya nuna, wanda aka ba kuma ya karɓa ya riƙe tun mai bayarwa yana da lafiya, domin a mazhabarmu kyauta ba ta cika sai da karɓa. Kyautar da aka yi a ciwon ajali hukuncin wasiyya gare ta, ba ta wuce sulusi, ba ta kuma zuwa ga magaji sai sauran magada sun yarda. Tun hankali na nan, uba ya wakilta wanda ya amince da shi a gaban shaidu, ya faɗi inda takardun gona suke, da bashin da ake binsa da wanda yake bi. In gigi ya riga ya kama shi, alƙali ne ke naɗa mai kula da dukiyarsa, ba wanda ya riga kowa ɗauke katin banki ba. Mai riƙon nan kuma ya rubuta duk abin da ya fitar. Da zarar rai ya yi halinsa wakilci ya ƙare, ko sisi ya cira bayan haka dukiyar magada ya taɓa, cikinsu kuwa wataƙila da marayu. Sunan da ma'aikaci ya rubuta a takardar aiki don a tuntuɓa in ya rasu bai mai da mai sunan magaji shi kaɗai ba.

Kai mai karatu da ke ɗauke da iyaye yau, gobe kai ne tsohon. Ma'aikacin Jigawa yana da tsarin fensho na haɗin gwiwa tun zamanin Gwamna Saminu Turaki, inda ake cire 8 cikin 100 na albashinsa, Gwamnati ta ƙara 17. Na Tarayya yana ƙarƙashin dokar 2014, shi 8, mai ɗaukarsa aiki 10, tun 2021 kuma akwai asusun da ba ya hulɗa da ruwa ga mai son komawa cikinsa. Kuɗin sallama da za a ba shi a dunƙule in ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, su ne abincin ragowar ransa, kada ya ƙara aure da su, kada ya zuba su cikin kasuwar da bai taɓa yi ba. Ɗan kasuwa shi ba mai cire masa kome, sai in ya cire wa kansa, ko da yake tun 2019 an buɗe wa masu sana'ar kansu ƙofar fensho. Yawancinmu dai cewa muke 'ya'ya su ne fenshonmu. Mutanen Taura sun san iyakar wannan magana. A daren 15 ga Oktoba, 2024, tankar mai ta kife a Majiya, ta yi bindiga, mutum fiye da 150 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Da yawansu matasa ne majiya ƙarfi, bayan kowannensu kuma akwai gidan da yake ciyarwa. Ɗa yakan riga uba, kuma ba a tambayar uban ko ya shirya.

Wannan ya kawo mu ga tsohon da ba shi da ɗa, ko yana da shi amma ɗan ma neman na bakinsa yake. A mazhabar Maliku ba a tilasta wa jika ciyar da kaka, ko ɗan'uwa ciyar da ɗan'uwa, sai dai zumunci da mutunci. Nauyin irin wannan tsoho yana kan baitulmali da jama'ar Musulmi. Alƙali Abu Yusufu ya kawo cikin Kitabul Haraji cewa Sayyidina Umar ya ga wani tsoho makaho Bayahude yana bara, ya ga ba a yi masa adalci ba in an ci ƙuruciyarsa aka yar da shi da tsufa, sai ya ɗauke masa jiziya, ya sa a riƙa ba shi da ire-irensa daga baitulmali. A Jigawa, Gwamna Sule Lamido ya fara biyan naƙasassu naira 7,000 a wata a 2007. A 2024 kuma Gwamnatin Malam Umar Namadi ta fito da irin wannan ga tsofaffi 5,740, watau 20 daga kowace mazaɓa cikin 287. Abin yabo ne. Amma Taura mazaɓu 10 gare ta, rabonta mutum 200 ke nan, a ƙasar da ta haura 130,000 tun 2006. Sauran suna wuyan maƙwabta da masu zakka. Masarautar Dutse ta daɗe da nuna cewa ana iya tara zakka a tsare ta hannun hakimai da dagatai da limamai. Abin da muke roƙo ga limaman Taura, da Gujungu, da Majiya, shi ne kafin a fara sussukar bana kowannensu ya zauna da mai unguwa su rubuta sunayen tsofaffin da ba su da mai ciyar da su, da ciwon kowa, da abin da maganinsa ke ci a wata, domin in masu gero da shinkafa da riɗi sun zo fid da zakka su tarar da takarda tana jiransu. Allah shi ne mafi sani.